Garkuwar Motar Lauwali

Tun da na dawo daga Maraɗi ba ku bar ni na taka keken ɗinki cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna kan bencin shagona sai ya ce, "Garba Tela, yaya can ɗin take?" Na san wasunku don su ɗauke mini hankali suke tambaya, Allah ya saka musu. Amma na gaji da gutsura labarin kamar ƙuli-ƙuli. Za ni faɗe shi sau ɗaya daga fari har ƙarshe, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Ni ba yawo ya kai ni ba, mota na raka neman magani. Ƙanena Lauwali direba ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma hanyar Sabon Birni zuwa Isa yake bi. Ba sai na gaya muku mi wagga hanya ta zama ba. Direban da ya hau ta abu ɗaya yake roƙon Allah, kada mota ta tsaya. Taya ta fashe ma ba a tsayawa, haka ake jan ta a kan ƙarfe har sai an ga gari. To ga motar Lauwali, tun shigowar bazara, ta koyi tafasa. Da ya taka ta sosai sai allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe gaban gilashi. Bakanikenmu ya sake fanka, ya sake tiyo, ya wanke lagireto har sau nawa, a banza. Kullum Lauwali ya fita, Inna ba ta iya haɗiye ko ruwa sai ta ji ƙarar motarsa a ƙofar gida.

Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa zargi, shi ne garkuwa. Ga wanda bai sani ba, a bara ne 'yan bindiga sunka harbi gaban motar wani direban tasharmu, marigayi Buba, harsashi ya huda lagireto, ruwa ya tsiyaye, mota ta mutu a tsakiyar daji. Bayan jana'izarsa mai waldan tasha ya yanko faifan ƙarfe mai kauri daga tsohon tanki, ya liƙe bakin wata mota da shi, ya huda 'yan ramuka kamar na matacin koko. Kafin wata ya kama, ba motar Isa da ba ta da irinsa. Sunka sa masa suna garkuwa. Har ba'a ake yi da shi a tasha, wai a sa garkuwa don kada a yi garkuwa da mutum. Da sanyi ba wanda ya ga aibinta.

Sani abokin Lauwali, wanda suke layi ɗaya, shi ya kawo labarin wani tsohon bakanike a Maraɗi, Baba Isufu, wai ya yi aiki da Turawa masu tseren motoci, ba zafin injin da ke gagarar sa. Inna ta ce ba ta yarda Lauwali ya ƙetare iyaka shi kaɗai ba. Ni da ban san bambancin fanka da farfela ba, ni anka ɗora wa rakiya.

Munka fita da hantsi, bayan mota cike da jarkokin ruwa kamar masu zuwa kashe gobara. Hanyar iyaka ba kwalta, rairayi ne da gurbin taya. Kafin mu yi nisa mota ta fara huci. Lauwali yana tuƙi ido ɗaya a hanya ido ɗaya a allura, ni kuwa idona duka biyu na cikin sabara. Garuruwan da munka ratsa, wasu ko kaza babu. Rumbuna a buɗe, baƙin ƙuna a bangonsu. A wani ƙauye na ga turmi a kife a tsakiyar hanya, ba wanda ya tsaya ɗauke shi. Na yi wa mutanen wanga ƙauye ɗinkin sallah shekaru da yawa, na san awon wuyansu, ban san inda suke ba yau.

A cikin busasshen gulbi motar ta yi mana tsiyar. Rairayi ya riƙe taya, injin ya yi ta kuka, sai ga tururi fuu. Lauwali ya kashe ta ya buɗe bonet. Munka tsaya jiran ta huce, don in ka buɗe murfin lagireto tana tafasa fuskarka za ta saɓule. Wallahi ban taɓa jin tsawon lokaci irin wannan ba. Can sai na hangi mutum da sanda yana gangarowa daga gaɓa. Na fara karanta duk abin da ya zo bakina.

Ashe wani dattijon Bafillace ne da 'yan awaki da ba su kai a kira su garke ba. Shi ma da ya gan mu ya ja ya tsaya, yana shirin juyawa. Munka yi ta kallon juna, kowa na tsoron kowa. Lauwali ne ya fara sallama. Dattijon ya matso, ya leƙa injin, ya ce, "Ƙishirwa take ji?"

"Ba ta ƙoshi da ruwa, Baffa," in ji Lauwali.

Ya zagaya gaban motar ya ƙwanƙwasa garkuwa da sandarsa. "To ku da kunka ɗaure mata baki? Ko saniya in ka sa mata takunkumi ba ta tafiya mai nisa."

Munka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na tambaye shi shanunsa. Ya nuna yamma da haɓa, ya ce tun kaka anka kore su duka, har da ɗansa da ya bi sawu bai dawo ba. Ya kaɗa awakinsa ya wuce. Na ji kunyar tsoron da na ji.

A iyaka namu ba su ɓata mana lokaci ba, sun san fuskar Lauwali. Na ƙetare ne sunka tsare mu. Wani jandarma, wato ɗan sandan dajinsu, ya miƙo hannu ya ce mini, "Mushe, katinka." Na ce, "Wa ne mushe? Da raina da lafiyata?" Har na fara ɗaga murya, Lauwali ya taka mini ƙafa. Ashe a can mushe girmamawa ce, kamar ka ce malam. Ku ji fa, ƙasar da ake girmama mutum da sunan abin da ungulu ke ci. Jandarman da ya gane abin da ya faru ya yi dariya har hularsa ta karkace. Da na dube shi da kyau sai na ga zanen Gobir a kumatunsa, irin na kakanmu sak. Amma da ya zo kan garkuwa dariya ta ƙare. Ya kira na gaba da shi, sunka yi ta Faransanci suna nuna ta, suna tambaya ko motar yaƙi ce. Sunka sa munka sauke jarkoki duka, sunka sansana kowace. Sai da rana ta take sannan sunka ɗaga mana sanda.

Bayan iyaka kaɗan akwai wani gari da mutanenmu sunka cika, rumfunan zana da na leda har bayan gari. Mun tsaya shayar da mota, sai ga mata sun kewaye mu don sun ga lambar Najeriya. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta ce daga Tsamaye take. "Ɗana, ka bi ta wajenmu? Gidan da ke da tsamiya a ƙofa, yana nan da rufinsa?" Ban bi ta Tsamaye ba, ban san gidan ba. Na ce mata yana nan, Inna. Ta sake ni tana hamdala. Har yau ban san ko na kyauta ba.

Maraɗi gari ne, ba ƙarya. Abin da ya fara ba ni mamaki ba gine-gine ba ne, mutane ne zaune a bakin titi bayan magariba, sun miƙe ƙafa suna shan shayi, ba mai waiwaye. Babur ya wuce da gudu, ni kaɗai na zabura. Mun sauka gidan Alhaji Mamman, mutumin Tozai, abokin marigayi babanmu. Da can manomi ne mai rumbuna, yanzu goro yake kasawa a faranti. Ɗaki biyu yake haya, mutanen da ke kwana a ciki ban iya ƙirga su ba, duk wanda ya gudo daga Tozai nan yake fara sauka. Anka shimfiɗa mana tabarma a zaure tare da wasu maza, ƙafar wani a kan wuyana.

Abincinsu kuwa, tuwo tuwo ne, fura ma ta fi tamu nono, gaskiya ɗaya ce. Amma burodinsu Allah ya sawwaƙe. Dogo kamar sandar makiyayi, ga tauri, na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Shayinsu kuma ɗan mitsitsin kofi, ɗaci kamar maɗaci, wai sai ka jira zagaye na biyu da na uku kafin ka ji daɗi. Na ce wa Alhaji Mamman mu a gida shayi a kofin silba ake ba mutum ya sha ya tashi. Ya ce, "A nan ba inda za mu, Garba, shi ya sa muke jira." Daga nan ya shiga tambayata gonarsa, wa ya nome ta bana. Na ce ba wanda ya nome ta. Ya juya fuska bango.

Da safe munka nemi garejin Baba Isufu. Mun same shi bayan kasuwa, wani tsamurmurin tsoho mai yatsu uku a hannun dama, fanka ta cinye sauran tun yana saurayi. Lauwali ya durƙusa ya gaishe shi ya fara jero abin da anka sake a injin. Tsohon ko bonet bai buɗe ba. Ya tsaya gaban motar, hannu a baya, yana kallon garkuwa kamar mai kallon gawa.

"Wane maƙiyinka ya yi maka wanga aiki?"

Lauwali ya ba shi labarin Buba. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce, "Tashi. Toshe bakinka da hancinka da hannu, ka bar 'yar kafa tsakanin yatsu. To ruga zuwa ƙofar can ka dawo."

Lauwali ya dube ni, na ce yi abin da Baba ya ce. Ya ruga. Kafin ya dawo ya cire hannun yana haki, idanu jajur.

"Kai ka cire naka," in ji tsohon. "Ita da mi za ta cire?"

Ya zaunar da mu kan wata tsohuwar kujerar mota ya ba mu labari. Ya ce motocin da ya yi wa aiki a ƙasashen bakin teku ba wasu na dabam ba ne, irin na gida ne masu ƙofa huɗu, sai dai a fitar da kujeru a ƙarfafa injin a sa su zagaye fili tun safe. Ya ce duk faɗan da masu motocin ke yi a kan baki ne. Mai son gudu yana son a ƙanƙance bakin don mota ta tsaga iska, mai kula da injin yana son a buɗe. Ran da gari ya yi sanyi sai su liƙe gefen bakin kaɗan, ran zafi su ɓare. "Kaɗan fa, kamar faɗin tafin hannu, a kan wannan ake zage-zage. Ku kuwa kun rufe duka, a bazara, a ƙasar Gobir, da mutum goma da buhunan gero a ciki."

Ya ce ruwa ba ya sanyaya injin, ɗaukar zafin kawai yake ya kai wa iska. In iska ba ta ratsa lagireto ba, ko gulbi ka juye a ciki tafasa zai yi. Fanka kuwa ta tafiyar hawainiya ce, in ana gudu iskar gaba ce ke aikin. Kuma shiga kaɗai ba ta isa ba, sai an yi wa iskar hanya ta bi ta cikin lagireto dole, an kuma ba ta ƙofar fita.

"Amma Baba, harsashi fa?" in ji Lauwali.

"Ban sani ba ko wanga ƙarfe na tare harsashi, ban taɓa gwadawa ba. Abin da na sani yana tare iska. Kuma gaya mini, in sun biyo ka, ta gaba suke ko ta baya?"



Kwana biyu tsohon ya yi a kan motar, da hutun tsakar rana a ciki, don a can da azahar ta gabato kowa ke rufe wurin aikinsa ya kwanta, ko gobara ake. Na yi ta tsaki, ba wanda ya kula ni. Ya ɓamɓare garkuwa ya jefa bayan mota. A gurbinta ya jera ƙarafa masu faɗi a karkace, kowane ya ɗan hau kan na ƙasa da shi, yadda in ka tsaya a gaba ba ka ganin lagireto sai ka duƙa, amma iska na wucewa. Ya kira su haƙarƙari. Ya naɗe gefe da gefe da kwano don kada iska ta zille, ya tsattsaga bonet ta sama ya ɗaga leɓen kowace tsaga. Ni tela ne, na san aiki mai kyau in na gan shi. Da za mu tafi ya riƙe hannun Lauwali da yatsun nan uku ya ce, "Ɗana, kome za su ce maka, kada ka sake rufe mata baki."

Dawowarmu ita ce kaɗai daɗin da na ji a tafiyar. Allura ta tsaya a tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Munka ratsa gulbin nan da ya wahalshe mu ba ko tari. Lauwali ya taka ta iya takawa, yana dukan sitiyari yana ihu, "Yaya, dubi! Dubi allura!" Jarkokinmu ko ɗaya ba mu buɗe ba, a garin 'yan gudun hijira munka sauke wa mata ruwan. Na ce a raina Inna za ta yi barci.

Washegari ya kai mota tasha. Direbobi sunka taru, masu dariya na yi, masu girgiza kai na yi. Wani ɗan kamasho ya duƙa ya leƙa ta tsakanin haƙarƙarin ya ce, "Af, ga lagireto can ina gani! Motar Lauwali tsirara ta dawo daga Faransa." Shi ke nan, magana ta bi gari. Da layi ya zo kansa, fasinja sunka ƙi shiga. Wata mata har ta zauna, da anka raɗa mata sai ta sauko da ƙullinta ta ce ita tana da ɗiya ƙanana, ba ta shiga motar da ba ta da garkuwa. Ba na ganin laifinta. Lauwali ya buɗe bonet yana bayani, ya kira Sani ya nuna masa allura, har toshe baki ya yi ya ruga a gaban mutane kamar yadda tsoho ya sa shi. Sunka ce Maraɗi ta taɓa masa kai.

Kasuwa ta ci ta sake ci, motarsa na tsaye a rana. Matarsa na da tsohon ciki, gero ya ƙare a gidansa. Inna ma da maƙwabta sunka cika mata kunne ta kira shi tana kuka, wai ya rufa mata asiri ya mayar da abin da kowa ke da shi. Wata safiya na ji ƙarar walda daga tasha. Na bar ɗinki na ruga. Na tarar an ɗora garkuwa a kan haƙarƙarin Baba Isufu, ana liƙe kusurwa ta ƙarshe.

Na zage shi a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kai wane irin wawa ne? Da idonka ka gani!"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Na gani, Yaya. Amma fasinja ba ya ganin allura, ƙarfe yake gani. Za ni riƙa bin ta a hankali."

A hankali, a hanyar Isa.

Ran kasuwar Isa mota ta cika har da na kan bonet sai da anka sauke. Motoci uku sunka tashi tare, Sani a gaba, shi a ƙarshe. Abin da ya faru, wata tsohuwa ce ta faɗa mana, wadda 'yan bindiga sunka bari don ba ta iya tafiya. Ta ce babura sun fito daga daji bayan motocin sun wuce, sunka biyo su. Lauwali ya taka, ya ba su rata sosai, har fasinja sun fara hamdala. Sai tururi ya rufe gilashi. Ta ce ta ji yana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, kaɗan ya rage," kamar mai lallashin jariri. Injin ya yi ƙara ya ɗauke. Ko harbi ɗaya ba su yi ba. A hankali sunka iso, sunka buɗe ƙofofi.

Da anka jawo motar tasha, ɗan kamashon nan ya shafa garkuwa ya ce wa jama'a, "Kun gani, ko ƙwarzane babu." Ba don an riƙe ni ba da na aikata abin da za ni yi nadama.

Maganar da muke yi da mutanen dajin ba ta shago ba ce, kada ku tambaye ni. Abin da za ni gaya muku shi ne sau ɗaya sunka ba shi waya don mu tabbatar yana da rai. Muryarsa ta dushe, da ƙyar na gane ta. Na ɗauka Inna zai tambaya, ko matarsa da ta sauka bayan tafiyarsa. Na buɗe baki in ce masa namiji ne, sai ya riga ni.

"Yaya, ka ce wa Sani ya cire tashi."

Sunka karɓe wayar.

Na tafi tasha a ranar. Na sami Sani yana ɗaure kaya, layi ya zo kansa. Na faɗa masa saƙon kamar yadda anka ba ni, ban ƙara ban rage ba. Ya saki igiyar, hawaye sunka zubo masa, don tare sunka tashi tun suna yara. Ya dubi garkuwar motarsa, ya dubi mutanen da ke tsaye da ƙullinsu suna jira.

"Yaya Garba," ya ce, "in na cire, wa zai shiga?"

Ya share fuska da hularsa, ya ƙarasa ɗaurin. Mota ta cika. Ina tsaye sunka fita.